Sha'aban Mai Wayit da 'Yan Ruwan Toka

Na yi aiki da mutane da yawa a Riyad, yawancinsu ko fuskarsu ba zan iya tunawa ba. Sha'aban ban manta da shi ba.

Ni ɗaurin rodi nake yi. Shi direban wayit ne, wato tankar ruwa, a kamfanin 'yan Koriya da muke yi wa aikin wata babbar magudana a gefen unguwar Suwaidi. Garinmu ɗaya, Funtuwa, amma ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ya riga ni zuwa Saudiyya da fiye da shekara goma. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Utaiƙa, bayan kasuwar kayan miya, mu uku da wani mai fenti ana ce masa Basiru. Sha'aban dogo ne siriri, gemunsa ya fara fari, ba ya shan taba, ba ya yawo, ba ya rigima da kowa. In ka cire abu ɗaya, babu abin da za a ba da labari a kansa.

Kafin a ba shi wayit, ya yi shekaru yana tuƙa wani tsohon injiniya ɗan Koriya da ma'aikata ke kira Baba Gu. Ba su da yaren da ya haɗa su. Larabcin Baba Gu bai wuce "yalla" da "halas" ba, Turancin Sha'aban kuwa na allon kan hanya ne. Amma kullum da tsakar rana tsohon zai sa a faka mota a inuwar gada, ya jingina wayarsa da gilashin gaba, ya kalli wasan garinsu. A can Koriya magariba ta yi, a nan azahar ce. Besbol ake ce wa wasan. Mutum ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da kulki, in ya same ta sai ya yar da kulkin ya zuba a guje yana zagaya fili, sauran kuma suna ƙoƙarin cafe ta. Abin da na gane ke nan, kuma har yau ban ƙara komai a kai ba.

Ƙungiyar Baba Gu ba ta ci. In aka lallasa su sai tsohon ya daki gaban mota, ya yi zagi da yarensu, ya juyo ya dubi Sha'aban kamar mai neman shaida. Sha'aban sai ya girgiza kai. Tun yana girgizawa don ladabi har ya koma girgizawa don abin ya fara ba shi haushi. Da ciwon zuciya ya mayar da Baba Gu ƙasarsu, ya tafi ya bar wa direbansa abu biyu: wurin kallon wasan da ya saka masa a waya, da ƙungiyar da duk faɗin Riyad babu wanda ya damu da ita.

Sunan ƙungiyar ban taɓa iya faɗa ba. 'Yan Ruwan Toka muke ce musu, saboda kalar rigarsu.

In zafi ya kai zafi, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, doka ta hana a sa ma'aikaci aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku. Kowa sai ya nemi inda zai kwantar da haƙarƙarinsa. 'Yan Bangaladash su shige ƙarƙashin gada, 'yan Pakistan su cika kwantena. Mu namu inuwar wayit ɗin Sha'aban ce, don ƙarfen tankin yana ɗan riƙe sanyin ruwa. In mun yi azahar, mun ci shinkafar da ake kawo mana a leda, sai ya fito da waya ya jingina ta da taya. Ni barci nake so. Shi magana.

"Idi, tashi ka ga wanda suka sayo daga Amurka. Ƙato kamar buhun gero. In ya buga sau ɗaya sai ya yi mako yana hutawa."

"Yaya, ka bar ni in runtsa."

"Da ni ne mai ƙungiyar nan, gobe zan sallame shi, shi da ɗan'uwansa mai jifa. 'Yan haya ne, Idi. Su sauka da bazara, su karɓi nasu, kaka na yi su kama hanya. Ko sunan mai share filin ba su sani ba. Ta yaya za ka gina abu da mutumin da jakarsa ke ɗaure tun ranar da ya zo?"

Tsarinsa na haddace shi ba da son raina ba. A daina sayen baƙi masu tsada. A ɗauko yaran da ke ƙaramar ƙungiya a zuba su a fili, su yi kuskure a bar su, su sake yi a sake barinsu, har idonsu ya buɗe. A daina korar koci duk shekara kamar ana canza taya. Akwai kuma wani tsoho a cikinsu, wanda aikinsa tsuguno bayan mai kulki yana cafe ƙwallon da aka kuskure. Gwiwoyinsa sun mutu, gudu ma da ƙyar yake yi. Shi kam Sha'aban ya ce ko a kan keken guragu ne a bar shi, don shi kaɗai ya san halin kowane mai jifa, ya san wanda ake lallashi da wanda ake daka wa tsawa.

"Ciwonsu rashin haƙuri," in ji shi. "Suna so su shuka da safe su girba da yamma. Ka yarda ka sha kashi shekara biyu da mutanenka, ya fi ka sha kashi shekara goma da na haya."

Basiru ƙwallon ƙafa yake bi, kuma ba ya bin kowa sai wanda ke ci. In mun koma ɗaki da yamma tun daga ƙofa yake farawa.

"Koci Sha'aban! Yau nawa aka loda muku?"

"An tambaye ka?"

"Wallahi Yaya, duk wasannin duniya ka rasa wanda za ka bi sai wanda ake sa farin wando ana tsayuwa kamar masu jiran motar haya. A cikinsu ma ka je ka ɗauko na ƙarshe."

"Kai da kake bin masu ci, me ka taɓa koya?"

"Na koyi dariya. Kai fa?"

Akwai samarin injiniyoyi 'yan Koriya a kamfanin. Sau ɗaya na ga Sha'aban ya tari ɗaya daga cikinsu a bakin ofis, ya nuna masa waya, yana haɗa Larabci da Turanci da hannu, yana so ya gaya masa a daina sa wani yaro jifa kwana biyu a jere. Saurayin ya leƙa, ya gane ƙungiyar, ya tuntsire da dariya, ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Sha'aban ya tsaya da wayar a hannu, sannan ya koma ya hau wayit. Bai ƙara tarar kowa ba. Ni ne dai na zama kunnensa, ni da ba na ganewa kuma ban ɓoye masa ba. 'Yan kallo a can suna da waƙar da suke yi wa kowane ɗan wasa in ya ɗauki kulki. Sha'aban ya iya su duka, bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba. In yana ba masu siminti ruwa za ka ji yana rera su ƙasa-ƙasa.

Duk wannan da bai dame ni ba. Kowa a nan da abin da yake toshe kunnensa da shi. Abin da ya dame ni wayar da yake yi gida ran Juma'a.

Ba ta daɗewa. "Lafiya lau. Saƙo ya iso? To madalla. A gaida yara." In matarsa Jamilatu ta tambaye shi yaushe zai zo, amsarsa ɗaya ce: "Ran da 'yan wasana suka shiga wasan kaka." Ƙungiyoyi goma ne a can, biyar na sama ne ke shiga wasannin ƙarshen shekara, shi ne wasan kaka. Nasa sun yi shekaru ba su ko leƙa ba. Da wasa ya fara faɗa, ta yi dariya, mu ma muka yi. Amma duk shekara in lokacin hutunsa ya zo sai ya je ya ce wa mudir, wato manajan kamfani, a bar shi ya ci gaba da aiki. Ni na je gida na dawo, na sake zuwa na dawo, shi yana nan.

Wata rana aka yi ruwa a Koriya aka fasa wasa. Muna kwance a ƙarƙashin wayit, ƙasa tana huci kamar bakin tanda, a waya kuma ba abin da ake nunawa sai ruwa yana zuba a kan shimfiɗar da aka rufe filin da ita. Bai kashe ba. Ya daɗe yana kallon ruwan. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

"Zuwana na ƙarshe, sabuwar tabarma suka shimfiɗa min. A gidan da na gina, Idi. Jamilatu ta kawo abinci a kwanon baƙi, ta durƙusa ta ce sannu da zuwa Alhaji. Yara suka shigo a jere suka gaishe ni suka fita. Ina jin su suna shewa a tsakar gida, ina leƙowa sai kowa ya kama kansa. Hajar, 'yar autata, lokacin tana firamare, in ta gan ni sai ta ɓuya bayan uwarta. Aka ce rufin ɗakin girki yana yoyo, ina zaune, aka aika a kira ƙanena Uwais ya zo ya duba. Ba wanda ya yi min laifi. Kowa girmama ni yake. Ban yi mako biyu ba maƙwabci ya tambaye ni yaushe zan koma. Shi ma ba da wata manufa ba, ita ce tambayar da ake yi wa baƙo. Sai na je na matso da ranar tikitina."

Ba ni da maganar da za ta gyara wannan, kuma ni dama ban yarda magana tana gyara abu ba.

Abin mamaki, a wata shekara masu ƙungiyar suka yi abin da yake faɗa, kamar akwai mai laɓe a bayan wayit yana kai musu rahoto. Suka sallami ƙaton nan. Suka zuba yara. Suka bar koci da tsohon mai tsuguno. Shekarar farko an yi musu dukan da ko Basiru sai da ya ji tausayi, amma Sha'aban yana ta murna, yana cewa dubi yadda yaron nan ya fara riƙe kulki. A shekara ta biyu suka fara ci.

"Ban faɗa ba? Idi, ban faɗa ba?" Ranar da suka ci wasa na huɗu a jere har lemo ya sayo mana a bakala, ɗan kantin bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba.

Watan Agusta na kamawa suna na shida. Kafin ya ƙare sun taɓa na biyar, sun sauko, sun sake hawa. A nan ne mutumin ya canza. Waƙa ta ɗauke. In suka ci sai ya kashe waya ya zura a aljihu, ya juya baya ya kwanta. In aka ci su sai ka ga ya cinye shinkafarsa har ya leƙa tawa. Shawararsa ma ta juya.

"Sun yi sauri. Yaran nan ba su nuna ba. Da ni ne, in hutar da mai jifan nan, in bar shekarar nan ta wuce, baɗi a shiga da ƙarfi."

"Koci," in ji Basiru, "an ci maka wasa kana fuska kamar wanda 'yan sanda suka tare ba iƙama, ba takardar zama ko ɗaya. Ko ka saba da duka ne har ka fi jin daɗinsa?"

Sha'aban ya juya masa baya.

Cikin Satumba na kira matata Bilƙisu. Gidanmu ba nisa da na su Sha'aban. Muna gama gaisawa ta ce, "Af, Hajar ta zo jiya. Wai in tambaye ka, da gaske saura kaɗan?"

"Saura kaɗan me?"

"'Yan wasan babanta mana. Ai tun da ta samu waya kullum sai ta duba. Ba ta san yadda ake wasan ba, lamba kawai take dubawa, in tana makaranta ta kira uwarta ta faɗa mata an ci ko ba a ci ba. Jamilatu ma har ta sa an sake wa ɗakinsa fenti."

Hajar ɗin da ke ɓuya ta girma, tana makarantar koyon aikin jinya. Ni a zatona sun daɗe da manta wannan zancen. Ashe tun da bai taɓa ba su wata rana ba, ita suka riƙe.

Na yi shiru da maganar. Na ce bari in ga abin da zai yi, don abin da mutum ya yi shi ne nasa.

Wasan ƙarshe ya faɗo ran wata Juma'a a farkon Oktoba. In suka ci sun shiga, in aka ci su shi ke nan. Muka sauko daga masallaci muka koma ɗaki, na'urar sanyi tana ƙara kamar tsohon inji. Basiru ya sayo kabsa, shinkafar Larabawa da nama, ya ce yau ko shi ɗan Ruwan Toka ne. Muka jingina wayar da tulun gas muka zauna mu uku a kan katifa.

Filin ya cika, ganguna suna tashi, mutane suna tsalle tare. 'Yan Ruwan Toka suka shiga gaba da ɗan kaɗan suka riƙe. Basiru yana ta tambaya, "Wannan da ya gudu namu ne? To me ya sa ya tsaya?" Sha'aban yana amsa masa da kalma ɗaya-ɗaya, abincinsa ko taɓawa bai yi ba.

Wajen ƙarshe abokan karawar suka samu mutum biyu a kan hanyar zagaya fili, babban mai dukansu ya ɗauki kulki. Ya narka wa ƙwallon duka ta tashi sama, ta nufi katangar ƙarshen fili. Ko ni na san in ta tsallake katangar nan an gama da su. Wani yaro a cikin namu ya bi ta da gudu yana kallon sama. Ina kusa da Sha'aban, kafaɗata na taɓa tasa, na ji abin da yake faɗa a ƙasan numfashi.

"Wuce. Wuce. Wuce mana."

Yaron ya yi tsalle ya bugu da katanga, ya faɗo da ƙwallon a hannu. Basiru ya miƙe yana ihu. Sha'aban ya sauke kai, kafaɗunsa suka zube.

Daidai nan aka kira la'asar. Basiru ya ɗauki buta ya sauka. Na jira har na daina jin takunsa.

"Yaya, wa kake goyon baya?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Na ji ka."

"Ba ka ji komai ba. Me ka sani a wasan nan?"

"Ban san komai ba. Amma na san kunnena. Shekara da shekaru kana cika min shi da zagin 'yan haya. Su zo, su buga, su tafi, ba su san sunan mai shara ba. To kai, makarantar da Hajar take, a wane gari take?"

Ya kawar da kai. Bai san garin ba.

"Kullum yarinyar nan sai ta duba lambar 'yan wasanka ta kira uwarta. Yanzu haka da muke zaune tana dubawa. An yi wa ɗakinka fenti."

"Wa ya gaya maka?"

"Bilƙisu."

Ya dubi tiren kabsa. "Ni wasa na yi da na faɗa."

"Su ba su ɗauka wasa ba. Kai ma ba ka ɗauka ba. Mai wasa ba ya roƙon ƙwallo ta tsallake katanga."

Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Idrisu, ni sa'anka ne?"

"A'a, Yaya. Shi ya sa na daɗe ban faɗa ba."

Ya tashi ya zura takalmi ya fita, ya bar wayar tana ta ganga a jikin tulun gas. Ban taɓa ganin ya bar wasa a tsakiya da wayar a kunne ba.

A masallaci sahu ɗaya muka tsaya amma bai dube ni ba. Da aka sallame muka fito ni da Basiru, shi ya zauna. Ban san abin da ya roƙa ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Muna shiga ɗaki muka tarar saura kaɗan a tashi. Mai jifan ƙarshe ya jefa, mai kulki ya kai duka ya kuskure, tsohon mai tsuguno ya cafe, ya miƙe da ƙyar ya ɗaga hannu sama. Sai filin ya yamutse.

Ana cikin haka Sha'aban ya turo ƙofa.

"Koci, sun ci!" Basiru ya rungume shi. "Wallahi sun ci! Yau kai ne gwamnan Utaiƙa!"

Ya zame jikinsa a hankali, ya tsuguna gaban wayar. Ana nuna 'yan kallo, tsofaffi da furfura suna kuka ba kunya. Ya matso da fuskarsa yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Ko Baba Gu na cikinsu," ya ce. "In yana raye."

Can kuma ya ce, "Bai kamata a bar yaron nan ya daɗe yana jifa haka ba. Za su kashe masa kafaɗa." Abin da ya faɗa ke nan kan nasarar duk ranar. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, lambar gida, bai ɗauka ba.

A wasan kaka ba su daɗe ba, karawar farko aka fitar da su. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai ce sai ran da suka ɗauki kofi. Mun yi kwanaki ba ma magana sai gaisuwa. Na koma cin abincina a ƙarƙashin gada tare da 'yan Bangaladash.

Ran wata Lahadi da safe na ga wayit a fake gaban ofis, inji a kashe, inda ba ya taɓa fakawa. Masu siminti suna ta masifa ba ruwa. Can ya fito, ya biyo ta inda nake ɗaure rodi, ya tsaya a kaina.

"Hutun wata uku suka ba ni."

Na ce, "To."

"Me ake saya wa budurwa yanzu? Ban san tsawonta ba."

"Ka tambaye ta."

"Ba ni da lambarta. Ta uwarta kawai nake da ita."

A wurin Bilƙisu na karɓo masa. Da yamma ya fita baranda ya kira. Ina jin sa yana gyaran murya kamar wanda zai yi magana da kafil, ubangidan da ke riƙe da bizarsa. Bai daɗe ba ya dawo ya ce, "Ta ce kada in sayo komai." Duk da haka ya cika jaka biyu da dabino da abaya kala-kala, ya ce wadda ba ta shige ta ba ta shigi wata.

Da safe ya tafi. Na sauko masa da jaka ɗaya, Basiru ya sauko da ɗaya yana cewa, "Koci, in ka isa ka kafa ƙungiya a Funtuwa, kulki dai ba ya wuya." Sha'aban ya ba ni hannu. Hannunsa sanyi ƙalau. Ya ce, "Idi," sai ya rasa sauran. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na rufe masa ƙofar tasi.

Aka ba wani ɗan Sudan wayit ɗin. Mutumin kirki ne, amma da tsakar rana kulle kansa yake a gaban mota ya kunna sanyi, kuma ba ya son a zauna masa a gindin taya. Basiru ya samu aiki a unguwar Murabba ya kwashe kayansa. Aka kawo min wasu biyu a ɗakin, ba Hausawa ba, muna gaisawa.

Sha'aban bai kira ba, ni ma ban kira ba. Sai cikin sanyin Janairu, ina zaune ƙarƙashin gada da ledar shinkafa, wayata ta yi ƙara.

"Idi."

"Yaya. Ya gida?"

"Gida yana nan." Muryarsa ba daɗi ba ɓaci. "Har yanzu ni kaɗai nake cin abinci. In abu ya taso Uwais suke fara nema, sai daga baya wani ya tuna ina nan. Samarin in na shigo sai su tuna suna da wurin zuwa. Hajar dai in ta zo hutu tana zama kusa da ni. Ba mu san abin da za mu ce wa juna ba. Ta ce in koya mata wasan. Na fara, ban yi nisa ba na ga tana danne hamma."

"Ba ita kaɗai ba ce."

Ya ɗan yi dariya.

Na ce, "Yaushe za ka dawo? Ɗan Sudan ɗin nan ba ya ba da inuwa."

"Bizar ta mutu shekaranjiya."

"Ka manta ne?"

"Ban manta ba. Ina zaune ina kallonta har ta mutu. Ban sani ba ko daidai na yi, Idi. Wata rana in na tashi da safe ji nake kamar in..."

Bai ƙarasa ba. Daga nesa na ji muryar Jamilatu, da ƙarfi, ba ladabi ko kaɗan a cikinta.

"Malam! Wa ya bar min ƙofar baya a buɗe? Awaki sun shiga sun cinye zogalen nan tas!"

Ya janye bakinsa daga wayar ya ce, "Ni ne."

"To ka zo ka kore su mana, ka tsaya kana waya!"

"Idi, bari in je," ya ce da sauri. Ko sallama bai yi ba, na ji ƙarar takalminsa, sannan layin ya yanke.

Na riƙe wayar na ɗan jima. Shinkafar ta huce. Na cinye ta a haka, na ɗaure ledar, na zauna ni kaɗai har mai kula da mu ya fara kiran yalla, yalla, sannan na tashi na koma kan rodi.